Na rage taget ɗin mita 50 a fotokwafi na ci 98, koci ya ce makin mai shago ne

Ɗan Rikkos: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ƙara na kawo, ina so manya su raba ni da kocinmu. Kun san filin wasan harbi na mita 50 ba kullum muke samu ba, wani lokaci sai wata ya shige ba a ba mu rana ba. Abin da ke hannunmu kowane mako shi ne rufaffen ɗakin nan mai mita 25. Sai na yi dabara, na ɗauki taget ɗin mita 50 na kai shagon fotokwafi na ce a rage shi ya koma rabi, a yi mini kwafi 5. Nisa rabi, takarda rabi, ai lissafi ya fita ko? Ranar Asabar na kwanta rub da ciki da bindigar .22, harbi bibbiyu a kowace takarda, na tashi da 98 cikin 100. Ni da ban taɓa wuce 89 a mita 50 ba. Na kai wa koci ina washe baki, ya duba ya ce wannan makin na mai fotokwafi ne, ya miƙo mini ya yi tafiyarsa. Don Allah laifin me na yi?

Baba Saje: Wa alaikumus salam. Ka gode wa Allah da ya miƙo maka, bai yaga ba.

Ɗan Rikkos: Haba Baba, kai ma?

Ƙanwar Maza: Yaya, 98 fa ka ce. Sai mu fara haɗa maka kuɗin jirgi zuwa Olamfik.

Malam Mai Alli: Ɗan Rikkos, tambaya ɗaya kafin a yi maka dariya ta yi yawa. Da ka kai takardar aka rage, harsashin ma ka sa shi a injin an rage?

Ɗan Rikkos: Malam ban gane ba. Harsashi ai harsashi ne.

Malam Mai Alli: To nan gizo ke saƙa. Bari in bi da kai a hankali, ka ɗauko biro. A taget ɗin mita 50 na hukumar harbi ta duniya, ISSF, faɗin zoben 10 milimita 10.4 ne. Zoben 9 kuwa 26.4, na 8 shi ne 42.4, kowane zobe yana ɗara na cikinsa da 16, har a kai na 1 mai 154.4. Kaurin harsashin .22 milimita 5.6. Ka kuma san yadda ake duba maki: ba sai tsakiyar huda ta shiga zobe ba, gefenta ya taɓa layin kawai an ba ka. Ke nan tsakiyar harsashinka tana iya kaucewa daga tsakiyar taget da rabin zobe, 5.2, haɗe da rabin harsashi, 2.8, jimla milimita 8, kuma ka ci 10 ɗinka.

Yanzu dawo mita 25. Rawar hannun da za ta kautar da kai milimita 8 a mita 50, a nan milimita 4 za ta kautar da kai. Wannan 4 ɗin ita ce iyakar gaskiya. Amma takardarka ta fotokwafi zobenta 5.2 ne, rabinsa 2.6, ka ɗora 2.8 na harsashin da bai ragu ba, ka samu 5.4. An yi maka gyara na milimita 1.4 a kowane gefe. In ka mayar da 5.4 zuwa mita 50 ta zama 10.8, alhali 8 doka ta yarda. Harsashin da ya kamata ya faɗa cikin 9 sai ya zo maka da 10 kana murna.

Injiniyan Bukuru: Malam ya faɗi daidai. In taƙaita wa masu gudun dogon rubutu: ka haɗa faɗin zobe da kaurin harsashi, ka rage jimlar gwargwadon nisa, sannan ka cire kaurin harsashi. A mita 25 zoben 10 zai fito 16 raba biyu, 8, cire 2.8, saura 5.2.

Malam Mai Alli: Injiniya, ka koma gidan jiya. 5.6 za ka cire, ba 2.8 ba. Faɗi kake lissafawa, ba rabin faɗi ba.

Injiniyan Bukuru: Kai, haka ne. Ina tuƙi ne a hanyar Bukuru ina rubutu. Milimita 2.4 ke nan.

Anti Nas: Kana tuƙi kana rubutu? Ajiye wayar nan don Allah, ba mu da gado a ɗakin haɗari.

Malam Mai Alli: Ga su nan a jere don mita 25: zoben 10 ya zama 2.4, na 9 ya zama 10.4, na 8 ya zama 18.4, na 7 ya zama 26.4, haka kake ƙara takwas-takwas. Ka lura da wani abin sha'awa, zoben 9 na mita 25 girmansa ɗaya da zoben 10 na mita 50.

Ɗan Rikkos: Milimita 2.4 fa Malam? Ai ƙwayar gero ce wannan. Wa zai gan ta daga mita 25?

Baba Saje: Dama wa ya ce maka ana ganin zobe? Ko a mita 50 ɗin ka taɓa ganin zoben 10 ta cikin saiti? Baƙin da'irar nan ta tsakiyar taget kawai kake gani, ka zaunar da shi tsakiyar zoben saitin gaba, farin da ya kewaye shi ya daidaita ko'ina, ka matsa kunama. Zobe na mai duba maki ne.

Malam Mai Alli: Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya taɓo rabi na biyun maganar. Baƙin shi kam fotokwafin bai yi masa ƙarya ba. Ido ne ke aiki da shi, harsashi ba ruwansa, saboda haka kai tsaye ake rage shi. Faɗinsa 112.4 a mita 50, sai ya zama 56.2 a mita 25. Shi ya sa ba a iya samun taget na ƙwarai ta hanyar danna maɓalli ɗaya: baƙi da nasa lissafin, zobba da nasu.

Abban Sadiq: Ku yi mini afuwa in katse ku. Ni an saka ni a zauren nan ne don maganar wasanni, ƙwallo da guje-guje. Yau na buɗe waya na ga ana ta lissafin harsashi. A garin Jos? Mu da muka ga rikicin 2001, muka ga na 2008 da 2010? Wallahi in wani ya ɗauki hoton hirar nan ya watsa, ba wanda zai tsaya ya karanta milimita, cewa za a yi Hausawan Jos na koyon harbi. Ina ganin a goge.

Ƙanwar Maza: Abba, wasa ne fa kamar kowane wasa. Tun Olamfik na farko a Atina a 1896 akwai harbi a ciki. Kuma ƙungiyarmu ba Hausawa kaɗai ba ne, wadda nake harbi kusa da ita kullum daga coci take zuwa ranar Lahadi.

Abban Sadiq: 'Yata, ni na sani, ke kin sani. Wanda zai tura hoton ne bai damu ya sani ba.

Barista: Tsoron Abban Sadiq ba na banza ba ne, kada a yi masa gatse. Amma gogewa ita ce za ta sa abin ya yi kama da ɓoye-ɓoye. Gara a faɗi doka a fili, duk wanda ya ɗauki hoto ya ɗauka har da ita. Dokar Bindigogi ta 1959 ta kasa bindiga gida 3. Akwai haramtattu, irin na soja, waɗannan sai da izinin Shugaban Ƙasa. Akwai na amfanin kai, lasisinsu a hannun Sufeto Janar na 'yan sanda yake. Sai masu ɗuri ta baki, adakar mafarauta, waɗanda Kwamishinan 'yan sanda na jiha ke ba wa izini. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne bindigar iska ma tana rukuni na biyu, tare da .22 ta wasa. Ba abin wasan yara ba ce a idon doka. Wanda bai kai shekara 17 ba ba a ba shi lasisi, kuma a 2023 Sufeto Janar ya fito ya ce an dakatar da bayar da sabo. Saboda haka duk lissafin da Malam ke yi na filin da aka amince da shi ne, ƙarƙashin koci, bindiga ta kwana a ma'ajiyarta. Kada wani ya ji an ce taget na cikin ɗaki ya zaci ɗakin kwanansa ake nufi.

Baba Saje: Barista ka biya ni. Yaran nan suna raina .22 don ba ta da ƙara. Harsashin nan in ya tashi sama bai samu abin da ya tare shi ba, ya wuce kilomita ɗaya da rabi yana tafiya. Silin ɗin gida da ƙofar katako ba komai ba ne a wurinsa.

Shugaban Zaure: Ba za a goge ba. Sharaɗi: maganar takarda da maki da horo kawai. Duk wanda ya tambayi inda ake sayen wani abu, ko ya sa hoton kansa da bindiga, zan cire shi ba sallama. Abban Sadiq, Allah ya huci zuciyarka.

Abban Sadiq: Na ji. Zan yi shiru in karanta, amma raina bai kwanta ba.

Injiniyan Bukuru: Na iso gida, Anti. Malam, na zauna na bi lissafin nan ƙasa, sai na ga abin mamaki. In nisan ya sauka zuwa mita 17.5, zoben 10 ya zama sifili. Ƙasa da haka kuma lamba ta koma bashi. A mita 10 ina samun 3.2 cire 5.6. Yaya ake zana zoben da bai kai sifili ba?

Malam Mai Alli: Yawwa, ka iso inda Turawa suka iso tun da daɗewa. Su sanyi ne ke kora su cikin ɗaki wata da watanni, don haka dole suka warware matsalar, kuma hanya biyu suka bi. Amurkawa suna harbin cikin ɗaki a ƙafa 50, wato mita 15.24. In ka bi lissafi zoben 10 zai fito bashin kimanin 0.7. Sai suka ce to, a sa ɗan ɗigo a tsakiya, amma taɓa shi bai isa ba, sai huda ta cinye shi gaba ɗaya kafin a ba ka 10. A naka misalin na mita 10, ɗigon zai zama milimita 2.4, kuma sai ya ɓace ƙurmus. Ka gwada: rabin huda 2.8, rabin ɗigo 1.2, abin da ya rage maka na kaucewa 1.6, wanda shi ne kashi 1 cikin 5 na milimita 8. Ya fita cif.

Mutanen Ingila kuma, ƙungiyarsu ta harbi NSRA, a yadi 25 suka fi yi, mita 22.86. Su juya dokar suka yi. Maimakon a cire kaurin harsashi sai a ƙara shi, zoben 10 ya zama kusan milimita 12.9, amma dole hudar ta zauna cikinsa duka. Ta leƙa waje ka faɗo 9. Iyakar kaucewar ɗaya ce, zanen ne ya bambanta. Ni wannan ta fi kwanta mini, domin zoben da ake gani ya fi daɗin dubawa a kan ɗigon da ake neman gawarsa.

Baba Saje: To ai ga rigima nan. Yaro ya saba taɓa layi riba ce, ka kawo masa takardar da taɓa layi asara ce. Ranar gasa sai ya tsaya yana musu da alƙali.

Malam Mai Alli: A manyan gasa yanzu na'ura ce ke ba da maki, Baba, kuma tsakiyar harsashi take aunawa, har ta rarraba 10 ɗin zuwa 10.9. Ba layin da za a yi musu a kai.

Baba Saje: Manyan gasa. Mu nan da wace wutar za a kunna na'urar?

Ƙanwar Maza: Ni bari in kawo tawa, tunda ta iska nake harbawa. Taget ɗinmu na mita 10 ne, 10 ɗinsa ɗigo ne na rabin milimita, zoben 9 kuma 5.5, baƙin 30.5, 'yar dalmar da muke harbawa 4.5. Ranakun da 'yan wasan tebur suka riga mu kama babban ɗaki, koci kan tura mu lungun da ke gaban ma'ajiya mu yi harbin wofi, ba dalma ba iska, ɗagawa da riƙewa da matsa kunama kawai. Lungun mita 5 ne. Ina liƙa baƙi mai faɗin 15.25, to kusan 15 dai, don da reza nake yankawa. Amma in na koma mita 10 sai in ji kamar an canza mini bindiga, kafaɗata ba ta zauna inda ta saba ba. Me ke jawo haka?

Injiniyan Bukuru: A wane tsayi kike liƙa shi?

Ƙanwar Maza: Mita 1.4 daga ƙasa mana, yadda doka ta ce.

Injiniyan Bukuru: Ga ɓarawon nan. Mita 1.4 ɗin na nisan mita 10 ne. Ki ɗauka idonki a saiti yana mita 1.5 daga ƙasa. Kina kallon gangare na santimita 10 a tsawon mita 10. A rabin hanya layin ya sauka santimita 5 ne kacal, ke nan 1.45 za ki liƙa. Da kika sa a 1.4 kin ninka gangaren, kin koya wa ƙugunki da gwiwar hannunki wata tsayuwa dabam. Ki sa wata ta auna miki tsayin saiti da tef ɗin tela kina tsaye da takalmin harbi, sai ki raba bambancin biyu.

Ƙanwar Maza: Tabɗi. Wata 4 ina wannan abin.

Injiniyan Bukuru: Na masu kwanciya ya fi muni. Tsakiyar taget ɗin mita 50 tana santimita 75 daga ƙasa a ƙa'ida. Mai rub da ciki saitinsa bai fi santimita 35 ba, a ce. In a ɗaki mai mita 4 ne, baƙin zai zama milimita 9, tsayinsa kuma santimita 38 da 'yan kai. Wanda ya liƙa shi a 75 kamar mai harbin tsuntsu a kan bishiya yake. Kuma a gajeren nisa irin wannan daga ido za a fara awo, ba daga bakin bindiga ba. Kuskuren rabin mita a mita 50 ba a jin sa, a mita 4 kuwa kashi 1 cikin 8 ne.

Malam Mai Alli: Ƙanwar Maza, ƙarin dariya: da za ki harba dalma a mita 5 ɗin nan, ɗigon rabin milimita da kika sani a matsayin 10, to 9 ne. Haɗa 5.5 da 4.5, raba biyu, cire 4.5, ki gani.

Baba Saje: Harbin wofi shi ne abincin maharbi, wannan ban musa ba. Amma a tambayi koci tukuna. Ta iska mai sifirin ba a sake ta wofi, lalacewa take. .22 kuma gefen kwanso allurarta ke duka, in ba kwanso sai ta doki ƙarfe. Bindigogin gasa irin su Anschütz da Walther da Feinwerkbau da yawansu an yi musu hanyar yin haka ba tare da ɓarna ba, tsofaffin da muke lallaɓawa kuwa sai a hankali. Ni da zan ba da shawara, kafinta ya sassaƙa wa yaro ta katako, a ɗaura mata ƙarfe ta kai kilo 5, ya riƙa ɗagawa a gida.

Barista: Baba, da girmanka, ban da wannan. Maƙwabci ya hango ta taga ba zai zo ya ƙwanƙwasa ya ji katako ce ba.

Abban Sadiq: Na ce zan yi shiru, amma kun gani ko?

Baba Saje: Na janye. A ɗaga galan ɗin ruwa.

Mai Firinta na Taminus: Salamu alaikum, tunda an ce makin mai shago ne bari mai shago ya yi magana. Ba ni na yi wa Ɗan Rikkos ba, amma na san aikin. Ko Malam ya zana muku daidai a kwamfuta, wurin bugawa ake yanka ku. Yawancin injuna an bar su a kan su daidaita zane da takarda da kansu, sai su ɗan matse shi ba wanda ya lura. In zanen daga Amurka aka sauko da shi ma ya fi, don takardarsu 216 da 279 ce, tamu A4 kuma 210 da 297. Ku ce wa yaron shago ya buga a kashi 100 cif. Malam kuma ya ja layi mai milimita 100 a gindin takardar, kowa ya ɗora rula kafin ya biya kuɗi. Sannan ku guji takarda mai sheƙi. Farar takardar ofis kuma yagewa take, ba ta ba da huda mai kyau, ku sa kwali a bayanta ko ku nemi mai kauri.

Malam Mai Alli: Allah ya yi wa sana'a albarka. Layin milimita 100 ya shiga.

Anti Nas: Kun gama lissafin takarda, saura na huhu. Ɗakin nan naku na mita 25, ina iskarsa take fita? Harsashin .22 dalma ce tsirara, wajen giram 2.6 kowane ɗaya, in ya doki ƙarfen baya ƙura yake zama. Ba sai na tuna muku Zamfara a 2010 ba, yara sama da 400 dalma ta kashe, kuma ƙura ce suka shaƙa suka haɗiya a cikin gidajensu. Ban ce ɗakinku ya kai can ba. Amma na ga hoton da aka sa kwanaki, ga ledar ƙosai a kan tabarmar harbi. Kada a ci abinci a ciki, a wanke hannu da sabulu kafin a fita, kada a share da tsintsiya a tayar da ƙura, a goge da jiƙaƙƙen tsumma. In akwai fanka ta tura iska daga bayanku zuwa wajen taget, ba ta dawo muku da ita fuska ba. Mai ciki kuma kada ta shiga sam.

Ɗan Rikkos: Ƙosan nawa ne Anti. Na tuba.

Baba Saje: Yanzu bari in faɗi abin da ke cina tun ɗazu. Malam, ko ka gyara zobban nan sun fi na Ingila kyau, makin cikin ɗaki ba makin mita 50 ba ne, kada yaran nan su ruɗu. Jos ce fa. Ku bari Disamba ta zo, hunturu ya taso daga kan duwatsun nan, yatsa ya ƙandare, iska ta riƙa juyawa kamar mai aljanu. Harsashin gasa gudunsa bai kai na sauti ba, kusan kashi 1 cikin 6 na daƙiƙa yake yi a hanya, iska na tura shi duk tsawon tafiyar. Wace takarda ce za ta koya maka duba tuta, ka san lokacin da za ka jira da lokacin da za ka saki?

Malam Mai Alli: Babu, Baba. Kuma lissafi ma yana bayanka: turin iska ba ya bin nisa sau da ƙafa, in nisa ya ninka shi kusan sau 4 yake ƙaruwa. Ko a waje aka yi mita 25 ba a ɗanɗana rabin wahalar ba. Inda na saɓa da kai shi ne, wanda hannunsa ke rawa ba ya iya karanta iska. In harsashi ya tafi hagu, ta ina zai san iska ce ko shi ne? Sai ya fara tara harsashi wuri guda a inda babu iska, sannan in ya fita ya san duk abin da ya kauce ba nasa ba ne. Abhinav Bindra na Indiya, da ya ci zinare a Beijin a 2008, a gidansu mahaifinsa ya gina masa wurin harbi.

Baba Saje: Ta iska ya harba, mita 10, cikin ɗaki. Ka kawo mini na mita 50. Kuma uban wani a zauren nan zai gina?

Malam Mai Alli: Ka kama ni a nan.

Injiniyan Bukuru: Akwai kuma haske. A ma'aunin haske, ISSF tana neman aƙalla luks 1,500 a fuskar taget a cikin ɗaki. Namu da ƙwan fitila biyu da janareta, in wuta ta yi ƙasa baƙin sai ya yi kamar ya kumbura. Kullum da hoton da ido ke gani. Masu hali suna ɗaura na'urar SCATT a bindiga, ta zana musu rawar hannu a kwamfuta ba tare da an harba komai ba, ita ma da ƙaramin taget take aiki. Amma kuɗinta sai dai jiha.

Ƙanwar Maza: Malam, in za ka zana, ka jera baƙi da yawa a takarda ɗaya don kuɗin bugu.

Malam Mai Alli: 'Yan Ingila 10 suke jerawa a kati ɗaya, kowane baƙi harbi ɗaya. Mu da baƙi mai 56.2 zan iya samun 6 a A4 ba matsi. Sharaɗin shi ne duk baƙin da za ka koma sai ka gyara kwanciyarka, ka motsa ƙugu, ba ka ja bindiga da hannu ba. Kuma ka ƙirga, kada ka zuba biyu a wuri ɗaya ka bar wani fayau.

Baba Saje: Ko ka zuba wa maƙwabci. Matthew Emmons na Amurka a Atina, 2004, yana gaba da tazara, saura harbi ɗaya ya ɗauki zinare a gasar salo uku, wato kwance da tsaye da durƙuso, ya ɗaga ya harbi taget ɗin na kusa da shi. Sifili. Duk wanda na koya wa harbi sai na ba shi labarin nan kafin ya taɓa kunama.

Ɗan Rikkos: Malam, takardun nan 5 suna gabana. Akwai yadda zan fitar da makina na gaskiya ko sai dai in zubar?

Malam Mai Alli: Kada ka zubar. Manta da zobban da ke jiki. Ka ɗora rula daga tsakiyar taget zuwa tsakiyar kowace huda. Milimita 4 ko ƙasa, 10. Har zuwa 8, 9 ne. Har zuwa 12, 8 ne. In ka yi shakka ka ba wa ƙasa, kada ka ba wa kanka.

Ɗan Rikkos: Na auna sau biyu. Cikin 10 guda 8 da nake taƙama da su, 3 ne suka tsira. Ɗaya daga cikin 9 ɗin ma ta faɗa 8. Jimla 92.

Ƙanwar Maza: A mayar wa kowa kuɗin jirginsa.

Ɗan Rikkos: Ai ko 92 ɗin ta fi 89.

Baba Saje: Ukun na iska ne, ajiya ta ba ka. Ranar da aka ba mu filin mita 50 za ta zo karɓa, ina nan zaune a bayanka da kujerata.

Mai Firinta na Taminus: Malam, ka turo zanen kafin Juma'a in kuna so ranar Asabar. Kwali mai kauri ya yi tsada, ku faɗa mini kwafi nawa, kuma wa zai biya.

Shugaban Zaure: Mai 98.